Kayan Wasan da Ba a Gama Ƙerawa Ba

Idan Kirsimeti ta gabato, kasuwanni sukan cika da motocin roba masu batir da 'yan tsana masu kuka. Uba yakan matse aljihunsa ya sayo, domin kada ɗansa ya zama abin tausayi a cikin tsara. Kafin mako biyu batir ya mutu, ƙafar mota ta cire, sai a ga yaron a bayan gida yana ɓare karan dawa, yana haɗa tasa motar. A nan akwai tambayar da ta kamata iyaye su auna: wanne ya fi zama alheri ga yaro, abin da aka gama masa, ko abin da aka bar masa ya gama da kansa?

Wani malami Bajamushe, Friedrich Froebel, ɗan fasto da aka haifa a 1782, ya daɗe yana tunani a kan wannan. A 1840 ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara a garin Bad Blankenburg suna Kindergarten, wato lambun yara. Kayan wasan da ya shirya kuwa ya kira su kyautai. Ta uku a cikinsu dunƙulen katako ne da aka yanka gida takwas daidai wa daida. Da waɗannan guntaye takwas yaro yakan gina kujera, ya mai da ita gida, ya mai da gidan rijiya, a hanya kuma ya gane abin da ake nufi da rabi da kwata. Froebel ya gaskata cewa tun da an halicci mutum cikin kamannin Mahalicci, ya wajaba shi ma ya zama mai ƙira tun yana ƙarami. A 1876 wata uwa a Amurka ta sami irin waɗannan katakai ta ba ɗanta Frank Lloyd Wright. Yaron ya girma ya zama mashahurin mai zanen gine-gine, har tsufansa kuwa yana ambaton abin da ya koya daga gare su.

Motar batir abu ɗaya ta iya, aikin yaro shi ne ya danna ya yi kallo. Guntun katako kuwa bai iya kome ba sai abin da yaro ya sa shi. Saboda haka dole yaron ya yi shawara, ya gwada, ya ga gininsa ya rushe, ya binciki dalili, ya sāke. Haƙuri da naciya ta haka suke shiga mutum.

Wannan hikima ba ta Turawa kaɗai ba ce. Yaran ƙasar Hausa da na tsaunukan Filato sun daɗe suna ƙera mota da kara da totuwa, da gwangwani da waya, suna yanka tsohon silifa su yi taya. Da laka sukan gina rumbu, su mulmula sa har da tozonsa. Abin wasan da aka sayo yana ɗauke da duniyar wanda ya ƙera shi, amma san laka yana ɗauke da duniyar yaron, abin da idonsa ya gani a garkensu. Ba shi kaɗai kuma yake aikin ba. Babba yana nuna wa ƙarami yadda ake ɓare kara ba tare da ya yanke yatsa ba, wannan ya kawo murfin kwalba, wancan ya riƙe a ɗaure. Tun a nan suke gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tsada ba ita ce ma'auni ba. Kamfanin LEGO, wanda wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa a Billund ta ƙasar Denmak a 1932, ya fito da tubalin roba mai maƙalewa irin na yau a 1958. Tubali ne mai kyau ƙwarai. Amma idan aka tilasta wa yaro ya bi hoton jikin kwali kawai, aka ɗora abin a kan kabad aka hana shi taɓawa, to, karan dawa ya fi shi amfani.

Wasu iyaye za su ce irin wannan wasa ƙazanta ne da ɓata lokaci, gwangwani yana yanka, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Suna da gaskiya a wani fanni, gama 'yanci marar iyaka ba ƙauna ba ne. Froebel kansa ya kafa ƙa'ida: kada yaro ya watsar da gininsa, sai dai ya juya shi ya zama wani abu, in an gama kuma a shirya guntayen cikin akwatinsu yadda aka same su. Hakkin iyaye ne su kawar da abin da zai yi rauni, su tsai da lokacin wasa da na aiki, su sa a yi rabo da ƙane. Abin da ba hakkinsu ba shi ne su karɓe aikin. Uban da ya ga ɗakin ɗansa ya karkace, ya fizge ya gyara masa, ya sami ɗaki miƙaƙƙe, amma ya koya wa yaron cewa hannunsa bai isa ba. Ya fi kyau ya tsuguna ya tambaye shi abin da yake ginawa, ya saurari amsa.

Farawa ba shi da wuya. Kowane kafinta yana da guntayen katako da yakan zubar ko ya ƙone. A roƙe su, a goge su da sanfefa har su yi santsi, a cire ƙusoshi, a ware ƙananan da jariri zai iya haɗiyewa, a zuba sauran cikin kwando a tsakar gida ko a ajin makarantar Lahadi. Sauran aikin a bar wa yara.