Gani Ba Ci Ba Ne?

Hausawa suna cewa gani ba ci ba ne. Wanda ya kalli tuwo bai rage shi ba. Da wannan karin magana ne masu sha'awar ɗaukar hoton tsuntsaye da ƙwari da furannin daji suke kāre kansu. Sukan ce maharbi yana kashewa, yaro mai danƙo yana karya fiffike, amma su hoto kawai suke ɗauka, tsuntsu ya tashi abinsa. Yanzu da kusan kowace wayar hannu take da kyamara, masu wannan sha'awa sun yawaita. Ya kamata mu tambaya: da gaske ne mai hoto ba ya cin kome?

Bari mu fara ba shi gaskiyarsa. Hoto ya taɓa ceton rayuka. A shekara ta 1906 wani mai son tsuntsaye a Ostareliya, Arthur Mattingley, ya ɗauki hotunan 'yan tsakin wasu fararen tsuntsaye dangin balbela suna mutuwa da yunwa cikin sheƙa. Maharba sun kashe iyayensu domin gashinsu, wanda matan Turai suke ƙawata huluna da shi. Aka nuna hotunan a titunan Landan, mutane suka gani, ransu ya ɓaci. A 1921 Ingila ta kafa dokar hana shigo da irin wannan gashi. Lalle gani ya kori ji.

Amma akwai hoton da ake biyan kuɗinsa da ran abin da aka ɗauka. Mutum ya sami sheƙar kurciya cikin ƙaya, ganye ya tare masa, sai ya kakkarya rassan don haske ya shiga. Ya sami hotonsa ya tafi gida. Abin da ya buɗe wa kyamararsa ya buɗe wa hankaka da shirwa. Wani kuma yakan daɗe kusa da sheƙa, uwar tana tsoron komowa, ƙwai yana kwance cikin zafin rana har ya lalace. Wani yakan kunna kukan tsuntsu daga waya, namijin ya bar neman abinci ya zo faɗa da abokin gāba wanda babu shi. Akwai masu sa malam-buɗe-littafi cikin firiji don sanyi ya hana shi motsi, sa'an nan su ɗora shi kan fure. A hotunan nan duka ba a ganin jini, amma an ci. Shi ya sa a Birtaniya dokar 1981 ta hana damun wasu tsuntsaye a sheƙarsu, mai son hotonsu a nan sai da takardar izini.

Wani zai ce, “Don kurciya ɗaya ake wannan dogon zance?” Amsa ita ce, ba kurciyar kaɗai take hasara ba. Wanda ya saba tilasta wa ƙaramin abu don ya sami yabo, halinsa ne yake lalacewa. Daga tilas kuwa sai ƙarya. A 2009 hoton wani kyarkeci yana tsallake shinge ya ci babbar gasar hotunan namun daji ta Landan. A farkon 2010 alƙalan gasar suka ƙwace kyautar, gama sun gamsu cewa kyarkecin horarre ne, ba na jeji ba. Hoto shaida ne, yana cewa, haka na tarar da abin nan. Wanda ya shirya abu ya ce tarar da shi ya yi, shaidar zur ya ba da, ko da bai buɗe baki ba.

To, yaya mai hoto zai yi? A ganina sai ya ɗauki kansa baƙo. Ba ma bukatar zuwa Turai mu koyi wannan. Ku dubi shamuwa. Kowace shekara takan iso garuruwanmu gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, bayan damina ta nufi kudancin Afirka. Ba ta gudun mutane, domin tun kaka da kakanni ba a taɓa ta. Yaron da ya ɗaga mata dutse, dattawa za su tsawata masa. Saboda haka ko da ƙaramar waya mutum yana iya samun hotonta. Kusancin nan ba dabara ce ta kawo shi ba, amana ce ta shekaru aru-aru.

Haka kuma raƙuman dawa na Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai. A 1996 saura 49 kawai suka rage na irinsu a Afirka ta Yamma duka. Da aka tsare su, suka haura 600, har a 2018 aka kai 8 dajin Gadabeji. Suna kiwo a gefen gonaki, wani lokaci su ci waken talaka. Duk wanda ya ɗauki hotonsu, bashin manoman nan yana kansa, gama su ne suka haƙura da ɓarnar. Baƙon kirki ba ya bin dabba da mota, ba ya tattake shuka, ba ya mance mai gona.

Mu masu bi muna da ƙarin dalili. A Matiyu sura 6 Ubangijinmu ya aike mu wurin tsuntsaye da furannin jeji mu duba, mu koyi dogara ga Allah. Ashe malamanmu ne. Almajiri kuwa ba ya rushe ɗakin malaminsa don ya ga fuskarsa sosai.

Saboda haka, ɗan'uwa mai kyamara, ga ma'auni mai sauƙi. In tsuntsu ya daina abin da yake yi saboda kai, ka matso da yawa, ja da baya. Kada ka karya reshe, kada ka tsinke fure. In ka san inda sheƙa take, ba kowa za ka gaya wa ba. Wata rana za ka zauna tun asuba har hantsi, abin da kake jira ya fito, amma ka ga ba za ka same shi ba sai ka firgita shi. Ran nan sai ka sauke kyamara, ka kalla da idonka, ka koma gida hannu wofi. Ba wanda zai yaba maka, gama ba wanda zai sani. Amma uwar za ta koma kan ƙwanta, baɗi kuma akwai tsuntsun da ɗanka zai gani.