Awon Numfashi da Iyakar Gaibu

Tun kafin zuwan na'ura likitoci sun san numfashin majinyaci yana ba da labari, domin wanda ciwon suga ya tsananta masa bakinsa kan yi wani ƙanshi mai zaƙi-zaƙi. A 1971 masanin Amurka Linus Pauling ya nuna cewa iskar da mutum ke fitarwa tana ɗauke da sinadarai kusan 250, yau kuma akwai na'urar da ke tantance su bisa nauyin ƙwayoyinsu. Da irinta ake gano ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki: a ba mutum abin sha, ya hura a bututu, a auna. Mai imani na iya jin ɗar, tunda da tsayawar numfashi muke gane rai ya fita. Shin wannan ba shisshigi ba ne cikin abin da Allah Ya keɓe wa kanSa?

Ba shisshigi ba ne. Aya ta 85 a Suratul Isra'i ta mayar da al'amarin ruhi ga Ubangiji, babu sikelin da zai ɗauke shi. Abin da na'ura ke kamawa shi ne abin da hanta da hanji suka zuba a jini, jini ya kai huhu. Akwai abin da Allah Ya rufe, akwai kuma wanda idonmu ne kawai ya gaza gani, kuma yammacin Zamfara ya ga bambancin a 2010. A Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi komai ba. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka aika da jini waje aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariyar da ake niƙawa a dake cikin gidaje, ƙurar ta bi hannu da baki da hanci. Yara aƙalla 400 suka rasu. Dalma dai a jini ake awonta, ba a numfashi ba, amma tambayar ɗaya ce.

Wani zai ce ajali ne, da awo da babu awo sai sun tafi. Ajali gaskiya ne, sai dai ba a ba kowa saninsa ba, sababi aka ɗora mana. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Da aka kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aka ba yara maganin da ke fitar da dalma, mace-macen sun ragu ƙwarai, ƙauyen Bagega, wanda shi ma gubar ta shafa, kuwa sai 2013 aikin ya iso shi. Wanda ya kira mutuwar ƙaddara, to ya kira tsirar ma ƙaddara.

Ƙorafin da ya fi nauyi na talauci ne. Na'urar tana da tsada, yawancin awon numfashi bai wuce matakin bincike ba ko a Turai, ina amfaninta ga mai haƙar zinariya? Wannan haka ne, amma hujja ce a kan hukuma, ba a kan ilmin ba. Malamai irin su Imam Gazali sun sanya likitanci cikin farillan da idan babu mai tsayuwa da su, laifin na kowa ne. A 2015 gubar ta sake kashe yara a Shikira ta jihar Neja, bayan kowa ya san sababin. Malaman Anka da Bukkuyum su faɗa a mumbari cewa kai yaro awo ba raunin tawakkali ba ne, gwamnati kuma ta kawo awon kusa da jama'a.