Tsohon Tangaran a Gwanjon Greensboro: Haƙƙin Wanda Bai San Darajar Kayansa Ba

Tsohon tangaran da tsohon gilashi suna da kasuwa mai ƙarfi a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka. A McLeansville, gabas da birnin, akwai kamfanin Replacements, wanda Bob Page ya kafa a 1981 bayan ya ajiye aikin binciken kuɗi na gwamnatin jiha. Sana'ar kamfanin ita ce sayen farantai da kofuna da aka daina ƙerawa, ya sayar wa wanda nasa ya fashe, kuma yana da ma'aikatan da ke gane zane daga hoto. Wannan ya sa masu ido suke zagaya shagunan gwanjo da gidajen da magada ke karyar da kayan mamaci, a birnin da Musulmi 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da 'yan Nijar da dama, suke zaune.

Ganewa tana farawa daga gindin kaya. Dokar harajin McKinley ta 1890 ta wajabta rubuta ƙasar asali a kan abin da aka shigo da shi Amurka, don haka tangaran mai tambarin Nippon yawanci na tsakanin 1891 da 1921 ne, mai Occupied Japan kuwa na shekarun mamayar Japan ne da suka ƙare a 1952. Takubba biyu a gicciye tambarin Meissen ne na Jamus, ko da yake an sha yin jabunsa. Tangaran na ƙwarai haske yana ratsa shi, kuma in an ƙwanƙwasa yana amsa kuwwa, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Gilashin da aka hura da baki yakan bar tabo a gindi inda aka ɓalle shi daga sanda, na zubi kuma yana da siririn layi a gefe. Wanda aka gauraya da yuraniyom, ma'adinin da ake haƙa a Arlit, yana yin kore shar a ƙarƙashin irin fitilar duba jabun kuɗi.

Daga nan tambayar fiƙihu take tasowa. Mai saye ya juya faranti, ya gane tambari, ya san darajarsa ta ninka kuɗin da aka liƙa masa sau da yawa. Mai kaya bai sani ba. Shin ya halatta ya biya ya wuce?

Malaman Malikiyya sun tattauna mas'ala mai kama da wannan tun da daɗewa: mutum ya sayar da dutse da araha, daga baya ya bayyana yaƙutu ne. Abin da masu sharhin Mukhtasar na Khalil suka tafi a kai shi ne cinikin ya tabbata matuƙar an kira abin da sunan da ya game shi, wato dutse, domin sakacin bincike na mai kaya ne. Amma in ya ce gilashi yake sayarwa alhali yaƙutu ne, yana da damar warware ciniki, saboda abin da ya yi nufin sallamawa daban yake da abin da ya fita hannunsa. Wata kotu a Wisconsin ta yanke hukunci makamancin na farko a 1885, a ƙarar Wood da Boynton, inda wata mata ta sayar da dutse a kan dala 1, ya zama lu'ulu'un da ya kai kusan dala 700, kotu kuma ta ƙi mayar mata, ganin cewa shi ma mai sayen bai san ko mene ne ba a lokacin.

Ƙwara a farashi kaɗai ba ta ɓata ciniki a mashahurin zancen mazhabar, sai dai Ibn Asim na Garnaɗa ya kawo a Tuhfa cewa wanda bai san farashi ba, aka ƙware shi da sulusi ko fiye, yana iya neman haƙƙinsa kafin shekara ta cika. Inda hukunci ya yi tsauri shi ne kan wanda ya miƙa amanarsa, ya ce wa mai saye: “Malam, kai ka san kayan nan, nawa suke yi?” Daga wannan lokacin ilimin mai saye ya zama amana, kuma rage darajar kaya da baki algus ne tsantsa. Hanin da Manzon Allah (SAW) ya yi na tarar ayari kafin ya iso kasuwa yana nuna inda shari'a ta karkata, domin baƙo bai san farashin gari ba, shi ya sa ruwayar Muslim ta ba shi zaɓi in ya iso.

Ilimin gane kaya wahala ce ta shekaru, kuma ribarsa halal ce a shagon da masu sana'a suka sa farashi da kansu. Gidan rasuwa lamarinsa daban ne. Gwauruwar da ke karyar da kayan ɗakinta cikin juyayi, ko magadan da akwai marayu a cikinsu, sun fi kusa da baƙon ayari fiye da ɗan kasuwa. Alƙali yana iya tabbatar da cinikin, amma abin da ya dace da mai saye a nan shi ne ya faɗa musu abin da ya gani a gindin farantin, sannan ya yi tayi.