Abin da Na Bari a Aljihu

A hutun bana ƴan ƙungiyarmu ta ɗalibai suka ɗora mini yin jawabi gaban iyaye a Dakusa, kan a bar ƴan mata su wuce kwaleji in sun gama firamare. Wai tunda ni ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, baki na gare ni.

Kwana uku ina shiri. Da farko da Faransanci na rubuta, da na zo mayar da shi Hausa sai ya zama kamar sanarwar rediyo, na yage. Na sake zama na tsara hujja uku. Yarinyar da ta yi karatu tana iya duba takardar likita da kanta. Ba mai cutarta a lissafin tiya ranar kasuwa. Kuma tun 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke makaranta. Na ajiye labarin wata ungozoma ƴar yankinmu a ƙarshe, don na san nan ne zukata za su yi laushi. Har gaban rumbu na tsaya ina gwada inda zan ɗaga murya da inda zan yi shiru.

Abu ɗaya na cire da gangan. Wana yana da lisans, shekara huɗu ke nan yana kabu-kabu a birni. Na rubuta wannan, na duba, na ninke takardar na sa aljihu. Na ce ai mai tallar fura ba ta cewa nononta ya kwana.

To nan tambayar take. Ban yi ƙarya ba, ko ɗaya. Amma wanda ya jera gaskiya yadda za ta kai mutane inda yake so, ya boye wadda za ta sa su ja da baya, shi me ya yi? A ajin tarminal mushenmu na falsafa ya karantar da mu cewa Aflaton, cikin Gorgias, ya kwatanta iya magana da aikin mai girki: daɗin baki yake nema, likita kuwa lafiya yake nema ko da magani na da ɗaci. Almajirinsa Aristo bai tsananta haka ba. Shi a wurinsa gamsar da jama'a sana'a ce, kuma halin mai magana na cikin hujjarsa. Lokacin don cin bak na haddace wannan. Ban san zai biyo ni gida ba.

Uzurina ba banza ba ne, ina ganin har yanzu. Minti goma aka ba ni, kuma masu cewa boko ɓata lokaci ne ba su rasa mai yi musu magana a kowace majalisa. Me zai sa in ba su sanda? Amma mutanen nan ba alƙalan gasar muhawara ba ne. Mai gona ɗaya da zai biya wa ƴarsa kayan makaranta da masauki, da gerona ba zai biya ba, da nasa zai biya. Wanda zai ɗauki asarar, shi ya fi cancanta a faɗa masa inda ramin yake.

Ranar taron komai ya tafi yadda na tsara, har wurin ungozomar mata suka yi ta gyaɗa kai. Sai wani dattijo, abokin babana, ya gyara zama a tabarma.

"Ɗana, Allah shi yi albarka, ka yi magana. To wanka fa, wane ofishi yake yanzu?"

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Na ce, "Baba, kabu-kabu yake." Na ƙara da cewa karatu ba ya yi wa kowa alkawarin ofishi, kuma shi wan nawa ne ke karanta wa rabin unguwarmu takardunsu. Amsa ce mai kyau. Sai dai da ni na fara fito da ita, da ta zama gaskiyata. Da aka zaro ta daga bakina, sai ta zama kare kai.

Bayan an watse dattijon ya kira ni gefe, ya tambaye ni nawa ne kuɗin littattafan aji shida. Jika nawa ne, ban sani ba, don cikin kwana ukun nan ban bincika ba. Takardar nan tana aljihun rigar har yanzu, wanki ya cinye rabin rubutun.