Wai Me Ke Tsufar Da Motar Maigida?

A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Toyota ya yaye lulluɓin sabuwar Camry a Amurka, zubi na tara ke nan na wannan motar iyali da aka fara ƙerawa a 1982. Shekara guda kafin nan kamfanin Honda ya fito da Accord zubi na 11. Kafin gari ya waye hotunan sun shigo wayoyinmu, matasa sun baza su a majalisa, ana ta yaba fitila da hanci da faɗin kujera.

To mai karatu, ga wata 'yar tambaya. A daren da aka nuna sabuwar, me ya sami wadda ke ajiye a ƙofar gidan Alhaji? Injinta bai buga ba, fenti bai kwaile ba, ko ƙusa ba ta huda tayarta ba. Jiya da yamma ya wanke ta yana murmushi. Yau da safe ya dube ta ya ji wani iri, ya ce ai ta zama tsohon yayi. Me ya tsufa a cikin dare ɗaya, motar ko idon mai ita?

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan birni ne. Duk wanda ya san Dogon Daji, garin nan na ƙasar Tambuwal inda aka haifi marigayi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1923, ya san mutanen bakin titi ne, kuma na bakin titi ba a ɓoye musu mota. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega ba ta rabo da ayarin manya, musamman lokacin siyasa ko ɗaurin aure ko ta'aziyya. Yaron da ko keke bai mallaka ba zai gaya maka sunan mota da shekarar ƙirarta tun tana nesa. Tana wucewa dattijo zai ɗaga kai ya ce, "Wagga kuwa ta wa ta?" Daga wannan tambayar hisabi ke farawa a cikin zukata.

MAGANA TA ƘARE, MAGANA TA CI GABA

Mu 'yan Nijeriya mun riga mun amsa tambayar da bakinmu, ba mu lura ba. Da Accord ƙirar 2003 ta shigo, sai aka raɗa mata End of Discussion, wato magana ta ƙare, ba sauran mota bayan wannan. Shekara uku kacal aka ɗan taɓa fitilunta na baya, sai ga ƙirar 2006, mutane suka ce Discussion Continues, wato magana ta ci gaba. Ta 2008 kuma aka kira ta Evil Spirit, wasu suka ce Anakonda. Sunayen raha ne, amma akwai hikima a ciki. Maganar ba ta taɓa ƙarewa, domin waɗanda ke ƙera motar ba su so ta ƙare.

Abin yana da asali. Henry Ford ya fito da Model T a 1908, ya yi ta ƙera ta kusan kama ɗaya har 1927, ya sayar da sama da miliyan 15. Tunaninsa shi ne mota kamar garma ce, in tana aiki shi ke nan. Sai Alfred Sloan na kamfanin General Motors ya zo da wata dabara a shekarun 1920: kowace shekara a sauya wa mota fuska, ko da cikinta bai sauya sosai ba, yadda mai ta bara zai ji kunya in ya tsaya kusa da mai ta bana. Dabarar ta ci, har kamfaninsa ya sha gaban na Ford. Tun daga nan masu mota ke sayar da abu biyu a haɗe: ƙarfen da ke tafiya, da rashin natsuwar da ke sa ka koma kasuwa.

Kakanninmu ma sun yi gasa, ba waliyyai ba ne. Sun yi ta da doki da sirdi da alkyabba. Sai dai doki shekaru ke tsufar da shi, haƙoransa za su nuna, gudunsa zai ragu. Ba wani kamfani a wata uwa duniya da zai tashi rana ɗaya ya sanar cewa dokinka ya daina yayi.

ZAMANIN FIJO

Mun taɓa rayuwa da mota ba tare da wannan zazzaɓin ba. An fara ƙera Fijo 504 a Faransa a 1968. Kamfanin haɗa Fijo na Kaduna ya soma aiki a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan Turawa sun daina yin ta a ƙasarsu. Kusan shekara 30 fuska ɗaya. Alƙali ita, babban sakatare ita, hedimasta da ya yi tanadi ita, direban haya na tashar Sakkwato ita. Wanda ya saya a 1980 ba ya sunkuyar da kai gaban wanda ya saya a 1990. Bakaniken gindin bishiya ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayan gyaranta kuma har a ƙananan garuruwa ana samu.

Ba cewa nake a koma jiya ba, an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Abin lura shi ne darajar mai mota a lokacin ba ta rataya ga shekarar ƙira ba. Da darajar Naira ta soma zubewa daga 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai muka koma ga 'yan Kwatano, waɗanda wasu ke kira tokumbo ko Beljiyam. A nan wani abin dariya ya shigo. Motar da za a yi wa walima a garinmu, a zo ana shafawa ana Allah ya sa alheri, sau da yawa wadda wani ne a Amurka ya hau shekara goma ko fiye ya gaji ya rabu da ita. Camry ɗin da aka nuna a 2023, kafin irinta ta zama ruwan dare a hanyar Tambuwal zuwa Kebbe, can an yi zubi na gaba. Kuma su kansu masu ita sun fara juya wa irin wannan mota baya, sun koma jif: Ford ya daina Fusion a 2020, Toyota ya daina sayar da Camry a ƙasarsa ta Japan a ƙarshen 2023. Ka ga sabon da muke kashe kanmu a kai, tsohon wani ne. In kuwa sabo da tsoho sun dogara ga inda kake tsaye, to a cikin kai suke zaune.

SABO BA LAIFI BA NE

Sai dai a yi adalci. Ba duk sabon zubi ne yaudara ba. Bel ɗin kujera irin wanda muke ɗaurawa yau, injiniyan Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta, ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Daga baya aka sami jakar iskar da ke buɗewa ta tare ƙirjin direba in an yi karo, da birkin da ba ya bari taya ta ƙame mota ta zame. Fijo da muke yabo ba ta da waɗannan. Sabuwar Camry kuwa, wadda ake sayarwa a Amurka, injinta haɗin fetur da lantarki ne, shan manta kaɗan ne. Wanda ya ga yadda litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, har ta haura 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024, ba zai raina wannan ci gaban ba.

Haka kuma son abu mai kyau ba zunubi ba ne. Malamanmu sun sha faɗa cewa wanda Allah ya yi wa ni'ima babu aibu a gan ta a jikinsa, kuma sun raba tsakanin mai hassada da ke fatan ni'imar wani ta gushe da wanda ke fatan shi ma ya samu. Mutumin da ya yi noman albasarsa ko shinkafarsa, ya fitar da zakka, ya cika rumbu, ya biya kuɗin makarantar yara, sannan ya sayi motar da ransa ke so, wa ke da bakin magana? Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

Inda gizo ke saƙa shi ne mutumin da ya saya don idon mutane. Shi ne zai sayar da gonar gado, ko ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin da aka ba shi amana a ofis, don kada a ce wane ya fi shi. Motar na ƙofar gida tana sheƙi, a cikin gida kuwa uwargida na lissafin yadda mudun gero zai kai jibi. Kuma gasar ba ta da wurin tsayawa, tunda duk 'yan shekaru sai an fito da wata. Wanda ya ɗaura mutuncinsa a jikin abin da kamfani ke iya tsufarwa da hoto ɗaya, ya ba baƙo ajiyar kwanciyar hankalinsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

MARUBUTA DA 'YAN FIM

Mu ma da muke rubutu da shirya fim muna da kaso a ciki. Buɗe littattafan soyayya da yawa ka gani: kafin a gaya maka halin saurayi an gaya maka motarsa. Wata dalleliya ce ta faka, gilashi ya sauka a hankali, sanyi da ƙamshi suka bugi yarinya, shi ke nan labari ya ƙare tun bai fara ba. A fim kuwa kowa ya san sirrin. Sau da yawa motar aro ce furodusa ya roƙo, ana gama ɗauka mai ita ya karɓi makullinsa, jarumin da ya fito a matsayin ɗan miloniya ya nemi abin hawa zuwa gida. Kayan aro ba ya rufe katara, amma yarinyar da ke kallo a Dogon Daji ba ta ga wannan ɓangaren ba. Ita dai ta ga miji na gari da mota yake zuwa. Gobe malamin firamare mai mutunci zai zo zance a kan babur, ta leƙo ta koma.

Ba dole sai haka labari zai yi daɗi ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karɓu ƙwarai a farkon shekarun 1990, alhali 'yar mai kuɗi ce ta nace wa talaka. Masu karatu ba su ƙi shi don jarumin ba shi da mota ba. Marubuci na iya sa mota a labarinsa, duniya ce, akwai ta. Roƙon shi ne a nuna mana ta ina kuɗin ya fito, a kuma nuna mana wanda aka hana shiga.

WA TA ƊAUKA?

Masu talla suna kiran irin wannan mota motar iyali. A wajensu iyali shi ne miji da mata da 'ya'ya biyu ko uku, kujera biyar ta wadatar. Mu kuwa iyalinmu ya wuce ƙofar gida. A gari irin Dogon Daji da ƙauyukan da ke kewaye da shi, mai mota shi ne motar asibitin unguwa ko ya so ko bai so ba. Ƙarfe biyun dare za a buga masa ƙofa: "Alhaji, a yi haƙuri, matar Malam ce haihuwa ta zo da gardama." Ko a ce, "Kawu, Inna ce jikin ya tashi, an ce sai Sakkwato." Ranar biki ita za ta ɗauko amarya, ranar rasuwa ita za ta kai tsofaffi gaisuwa.

A wannan daren ake gane wa ya mallaki wani tsakanin mutum da motarsa. Mai tsohuwar Fijo ba ya dogon tunani, zai zura riga ya ɗauko makulli. Wani mai sabuwa kuwa sai ya tuna kujerun fata, ya tuna hanyar ƙauyen duk yashi da kwazazzabo, motar kuma ƙasa-ƙasa take, sai a ji ya ce wallahi ba mai a ciki. Ba duka suke haka ba, akwai masu sababbin motoci da ba a taɓa buga musu ƙofa suka ƙi fitowa ba, kuma unguwa ta san su. Amma duk wanda motarsa ta yi tsadar da maƙwabciya mai naƙuda ba za ta shiga ba, to ya sayi ubangida ne da kuɗinsa, shi ke yi mata bauta, yana wanke ta safe da yamma yana gadin ta.

Saboda haka in ka ga hoton sabon zubi zuciyarka ta motsa, ba laifi, ɗan Adam ne kai. Kafin ka nufi dillali dai, ka tambayi kanka da wane kuɗi, ka leƙa rumbu da tukunya, sannan ka tuna wanda zai buga maka ƙofa da dare. In amsoshin sun yi daidai, sayi abarka ka hau lafiya. In kuwa ba su yi ba, ka duba mai da ruwa na wadda kake da ita, ka gyara birki, ka ɗaura bel, ka gode wa Allah. Kamfani zai sake fito da wata nan da 'yan shekaru, magana za ta ci gaba, da kai ko ba kai. Mutanen gari kuwa sukan manta ƙirar motar mutum da shekararta, amma matar da aka kai asibiti cikin dare ba ta manta wanda ya tuƙa ta, ɗan da ta haifa ma sai an ba shi labari.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya ba mu abin hawa na halal, ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe. Amin.