Kalmar "Vandalism": Ɓarnar Wa Ake Nufi?

Akwai wata kalmar Turanci da ba ta rabuwa da jaridu da gidajen rediyo duk ranar da aka wayi gari an farfasa fitilun titi ko an kakkarya kujerun makaranta, wato "vandalism". Ma'anarta ita ce lalata dukiyar jama'a ko ta wani mutum da gangan, wanda ya aikata kuwa shi ne "vandal". Larabawa kan ce takhribi, mu kuma mu ce ɓarna. Sai dai ɓarna ta fi faɗi, domin fara tana ɓarna, ambaliya ma tana yi, alhali wannan kalma ba a jingina ta sai ga ɗan Adam mai hankali da niyya. Ta kuma bambanta da sata, domin ɓarawo amfani yake nema, shi kuwa wannan sau da yawa ya lalata ne kawai ya yi gaba.

To, daga ina ta samo asali? Sunan wata ƙabila ce ta Turai, Vandal, waɗanda suka ƙetaro daga Sifen zuwa Arewacin Afirka a shekarar 429 bisa jagorancin sarkinsu Gaisarik. A 439 suka ci birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, a 455 kuma suka shiga birnin Rum suka yi mako biyu suna kwasar dukiya. Masana tarihi sun nuna cewa aikinsu a Rum ya fi kama da wawaso, domin ba su ƙone birnin ba. Daularsu ta faɗi a 534, kuma galibin labarinsu abokan gabarsu ne suka rubuta shi.

Ita kalmar kanta sai a 1794 ta bazu, lokacin juyin juya halin Faransa, sa'ad da wani limamin kirista mai suna Henri Grégoire ya kai wa majalisar ƙasar rahoto a kan yadda ake farfasa gumaka, ana lalata coci-coci da littattafai. Niyyarsa mai kyau ce, so yake a daina. Amma ku duba da kyau: masu wannan ɓarna Faransawa ne 'yan gida, sunan da aka laƙaba wa aikinsu kuwa na baƙi ne da suka shuɗe fiye da shekara 1,200 kafin nan. Gaskiyar Bahaushe da ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wani zai ce ai kalma ce kawai, kuma babu sauran Bavandale a duniya da zai ji ciwo. Haka ne, amma ɗabi'ar da ta haifi kalmar tana nan da ranta, kuma zalunci biyu take yi. Na farko, tana ɗora laifin mutum a kan jama'a baki ɗaya. Mu mazauna zango mun san ɗacin wannan, domin da zarar wasu tsiraru sun yi tarzoma sai a ce "yaran zango ne", a haɗa da ɗalibi da tela da mai gyaran mota waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba. Na biyu, tana ba kowa damar wanke kansa, ya ɗauka cewa ɓarna halin wasu ne can. Wannan ya fi haɗari, domin wanda ya karya famfon unguwa ba daga wata ƙasa ya zo ba. Mun san shi, mun san gidansu, wani lokaci ma a gabanmu ya yi muka kau da kai.

Saboda haka adalci ya wajabta mana abu biyu a tare. Kada mu yarda a shafa wa al'umma baƙin fenti saboda mutum ɗaya, kada kuma mu ɓoye mutum ɗayan don kare sunan al'umma, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. A kira mai ɓarna da sunansa, a sa shi ya gyara ko ya biya. Kujerar da ya karya ƙaninsa ne zai rasa wurin zama gobe.

Allah ya sa mu zama masu gyara.