Yarinyar Da Ta Ƙi Shiga Hoto



Ranar Asabar da ta wuce, a wata islamiyya da nake leƙawa a nan Tudun Wada, an tara 'yan aji uku za a ɗauke su hoto. Sai wata yarinya 'yar shekara tara ta maƙale a bayan ƙofa, ta ƙi fitowa. Da malamarsu ta lallashe ta, sai ta ce wai ita baƙa ce, za ta ɓata musu hoton. Aka bi diddigi, ashe "Gawayi" ake kiranta a aji, kuma daga gida sunan ya biyo ta. Gwaggonta ce ta raɗa mata, da wasa.

'Yan uwa, wannan wasan namu ya yi yawa. Mai jiki Lukuti, siriri Ƙashi-da-rai, zabiya kuwa ba a ma tuna sunansa na yanka. Alhali aya ta 11 a Suratul Hujurat ta haramta izgili da jifan juna da munanan laƙabobi, kuma ba ta ware yara ba. A Suratur Rum, aya ta 22, Allah ya lissafa bambancin launinmu cikin ayoyinsa, jere da halittar sammai da ƙasa. To wa kake yi wa dariya, yarinyar ko wanda ya zaɓa mata launin?

Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya hau bishiya zai yanko asuwaki, sahabbai suka ga sirantar ƙwaurinsa suka yi dariya. Annabi (SAW) bai bari ta wuce ba, nan take ya sanar da su cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Ku lura, bai ja shi gefe ya ba shi haƙuri ba. A gaban masu dariyar ya ɗaga darajarsa. Malamin aji, haka ake yi. Ba "ku yi shiru mana" kawai ba, kai kanka kana danne dariya. Uwar muminai A'isha (RA) ma, da ta ambaci gajartar Safiyya (RA), an gaya mata kalmar za ta iya gurɓata teku, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne inda zancen yake ƙarewa: man bilicin. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, amma yau har jarirai ake shafa wa haɗin da ba a san me ke ciki ba. Wasu mayukan akwai sinadarin makuri da ke lalata ƙoda, wasu kuma akwai wanda ke sa fata ta yi siriri, ciwo ya ƙi warkewa, ga shi fatar yaro ta fi ta babba saurin tsotsa. Yaro ba mukallafi ba ne, alƙalami bai hau kansa ba. Zunubin cutarwar a wuyan mai shafawa yake da wanda ya ba da kuɗin. E, Alhaji, da kai nake, kai da kullum kake yabon "farar" a gaban 'yar'uwarta.

Wani zai ce ta yaya zan gane abin ya shiga zuciyar ɗana? Masu bincike suna da hanya. Tun 1991 wata Ba'amurkiya mai suna Collins ta yi amfani da zanen yara guda 7, daga siriri zuwa mai ƙiba. Sai a ce wa yaro: wanne ne kai, wanne kuma kake son zama? Tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu ita ce ma'aunin. Zanen nasu bai taɓo launin fata ba, wanda shi ne babban ciwonmu, don haka a gida tambaya ta isa. Ki zauna da ita ku biyu ki ce: da an ba ki dama, me za ki canza a jikinki? Wa ya ce miki ba shi da kyau? Kada ki yi dariya, kada ki yi faɗa. Ki kuma sa ido: ta fara ƙin abinci, ko tana roƙon maganin ƙiba? Ta daina wasa da ƙawaye? Tana satar man shafawarki?

Ban ce a yi sakaci da lafiya ba. Yaron da ke ramewa ko ya daina tsawo, a kai shi asibiti a auna, don tamowa da tsutsar ciki gaskiya ne. Amma a ɗakin likita, ba a gaban 'yan aji ba.

Ita yarinyar, na nemi ganin mahaifinta bayan la'asar. Ya rantse bai taɓa sanin sunan yana ci mata rai ba, shi ma da shi yake kiranta. An sake sa ranar hoton Asabar mai zuwa, in sha Allahu.

Wallahu a'alam.